Tsiron Dawa da Tarihin Ƙauyen Taneka

Wanda ya karanta abin da aka rubuta a kan Jugu da Paraku zai ɗauka babu kowa a arewacin Benin sai fatake da malamai. Labarin ɗaya ne kullum: ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, ya yada zango a Nikki da Paraku, ya huta a unguwar Wangara ta Jugu, sannan ya miƙa Salaga a ƙasar Gwanja ya ɗoro goro. Paul Lovejoy ya tattara wannan fatauci a littafinsa na 1980, kuma ya kyauta. Salaga ta durƙushe bayan yaƙin basasar 1892, dogo ya iso Kano a 1911, goro ya sauya hanya, sai a rufe littafi. Amma wa ya noma hatsin da madugu da mutanensa suka ci a zango?

Arewa da Jugu kaɗan, a gundumar Kopargo, kan hanyar Natitingu, akwai ƙauyukan Taneka Beri da Taneka Koko a jikin dutse. Mutanen wurin suna kiran kansu Tangba, harshensu Yom, kuma kakanninsu daga ƙabilu daban-daban suka taru a tudun don tsira daga masu farautar bayi. Ɗakunansu ƙanana ne, masu da'ira, da jinka a kai, rumbuna a tsakani. Yawancin shekara Taneka Beri kusan fayau take, domin jama'a na can gonaki, sai lokacin bukukuwa suke hawowa. Marco Aime, masanin al'adu ɗan Italiya, ya yi nazarinsu, ya kuma ɗora littafinsa na 1997 a kan alaƙar kasuwa da tudu. Ya gano bakin zaren. Kasuwar Jugu da tudun Taneka tarihinsu a sarƙe yake.

A irin waɗannan ƙauyuka na yankunan Donga da Atakora, dawa abinci ce, kuma ita ce ake mayarwa cukutu, wato burkutun da mata ke dafawa don gayya da biki da makoki da sadakar kakanni. A nan ne marubutanmu suke ja da baya. Hujjarsu ita ce giya haramun ce, saboda haka ba ta cancanci alƙalami ba. Hukuncin giya a Musulunci a fili yake, ba na jayayya da shi ko kaɗan. Sai dai marubucin tarihi aikinsa ya faɗi abin da mutane suka yi da yadda suka yi shi. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano ya fitar da littafinsa a 1946, kuma har yau ɗalibanmu na jingina da shi. Da ya kau da kai daga tukunyar giya da bai fahimci bukukuwansu ba. Akwai kuma masu cewa wannan sana'a ba fasaha a cikinta, ruɓa hatsi ne kawai. Waɗannan ba su taɓa tsayawa sun kalli aikin ba.

Ga yadda yake. Ana jiƙa dawa ta kwana, a tsame, a baza ta a inuwa a lulluɓe, ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro cikin 'yan kwanaki. Sai a shanya a rana, a niƙa. Tsiron nan shi ne asirin komai, domin ƙwayar da ta fara tsirowa tana samar da wani sinadari mai narkar da garin cikinta ya koma zaƙi, don jaririn shuka ya samu abinci. Mai dafawa wannan sinadari take nema. Matsalar ita ce garin dawa ba ya sakin jiki sai ya sha wuta sosai, sinadarin kuwa zafi mai yawa kashe shi yake yi. In ta dafa komai tare, ta kashe abin da zai kawo zaƙin. In ba ta dafa ba, garin ya ƙi narkewa.

Dubi mafitar da ta samo. Tana dama garin tsiro da ruwa, ta bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, wanda sinadarin ya narke a cikinsa, sai ta tsiyaye shi a hankali ta ajiye a wata randa, bai ga wuta ba. Ƙullun da ya rage a ƙasa shi take ɗorawa a murhu, tana juyawa har ya nuna. Ta sauke, zafin ya ɗan sauka, sannan ta mayar da ruwan da ta ajiye a kai. A lokacin ne sinadarin da ta kare yake cin garin da ta dafa. Ba ta da ma'aunin zafi, hannu da ido da harshe ne ma'auninta, kuma in ta yi gaggawar haɗawa duk aikin kwanaki ya lalace. Bayan haka ake barin haɗin ya kwana ya yi ɗan tsami, a tace, a sake tafasawa, a huce. Har zuwa wannan gaɓa abin da ke cikin tukunya ruwan zaƙi ne, bai zama giya ba. Sai an zuba masa kpete-kpete, wato guntun da ya kwanta a gindin dahuwar baya, kafin ya fara kumfa. Polycarpe Kayodé da abokan aikinsa a Jami'ar Abomey-Calavi sun bi waɗannan matakai a ɗakin gwaji, sun tarar da yis da ƙwayoyin tsami ne ke aiki tare a cikin guntun.

Wannan raba ruwa da ƙulli shi ne abin da ya fi burge ni. Sha'ir ɗin Turai bai da wannan gardama, garinsa na narkewa a zafin da sinadarin ke iya jurewa. Dawa ce mai taurin kai, kuma matan karkarar Afirka ta Yamma ne suka shawo kanta tun da daɗewa. Da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanoni sun koma ga dawa, injiniyoyinsu suka ci karo da matsalar nan ɗaya. Lemon malta da ake rabawa a walima da ɗaurin aure, wanda babu giya a cikinsa, a kan ilimin tsiro ya tsaya. Haka ma kunun zaƙi na asali, wanda ake dafa kashi ɗaya na ƙulli a bar ɗaya ɗanye da tsiron shinkafa ko busasshen dankali, a haɗa a bari ya kwana. Dabarar ɗaya ce. Bahaushiyar zangon Paraku mai kunu da maƙwabciyarta mai cukutu hanya guda suke bi, a tukunyar ƙarshe suka rabu.

Faransawa sun kafa dokar kare sunayen garuruwan inabinsu a 1935, kuma UNESCO ta sa gonakin Saint-Émilion cikin kayan tarihin duniya a 1999. Ƙaramin ƙauye a can yana da tarihin gonarsa a rubuce, fegi fegi. A nan kuwa, ko da UNESCO ta faɗaɗa yankin Kutammaku, wanda shi ma yake cikin kayan tarihin duniya, ya shigo Benin a 2023, gidajen ƙasa aka fi kallo, su ne ke fita a hoto. Baƙon da ya hau Taneka hoton ɗakuna yake ɗauka da na dattijo mai dogon lofe, ya sauko. Irin dawar da ake zaɓa don tsiro, da kwanakin da take yi a lulluɓe a damina da kuma lokacin hunturu, da wadda ta koya wa wace, duk suna nan a kan matan da ba wanda ya zauna ya tambaya. Jami'ar Paraku ba ta da nisa da su, kuma Bahaushen Jugu mai jin harsunan Dendi da Yom ya fi baƙo damar yin wannan tambaya.