Zauren da Ba a Duba Gininsa: Sharhi a kan Ingancin Manhajar Tantance Masu Shiga Shafukan Makarantunmu

1.0 Gabatarwa

A yau ɗalibi ba ya yin rajista, ko biyan kuɗin makaranta, ko duba sakamakon jarrabawa, sai ya bi ta shafin intanet. Tun daga shekarar 2021 hukumar JAMB ta wajabta wa duk mai neman shiga babbar makaranta ya kawo lambarsa ta ɗan ƙasa. A gari kamar Wudil, mai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da kuma Makarantar Horon Manyan Jami'an 'Yan Sanda, ɗalibai masu ɗimbin yawa ne ke da suna da kalmar sirri a irin waɗannan shafuka. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi sharhi a kan manhajar da ke tsaye a ƙofar shafin tana tantance masu shiga. Ra'ayinmu shi ne, yawancin ɓarnar da ake ɗora wa gwanintar masu kutse, asalinta sakaci ne a cikin rubutun umarnin wannan manhaja, kuma makarantunmu suna sayenta ba tare da wani ya karanta rubutun ba.

2.0 Abin da Muke Nufi da Zaure

Rubutun umarni shi ne jerin layukan da mai tsara manhaja ke rubutawa domin kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu tsara manyan shafuka ba su cika barin kowane sashe ya tantance baƙo da kansa ba. Maimakon haka sukan kafa manhaja guda a gaba, wadda duk saƙon da ya fito daga waje sai ya ratsa ta. Ita ce ke karɓar suna da kalmar sirri, ta ba mutum tikitin shiga, sa'an nan ta sanar da sassan ciki cewa wane ne, kuma ga iyakar inda aka yarje masa. A wannan takarda za mu kira ta zaure, domin aikinsu ɗaya da zauren gidan Bahaushe, inda baƙo ke yin sallama ya dakata har a yi masa iso.

Amfanin wannan tsari a fili yake, watau wuri ɗaya za a tsare. Haɗarinsa ma daga nan ya taso, domin sassan ciki sun sakankance, ba su sake tambayar wanda ya riga ya wuce zaure. Saboda haka kuskuren da ba zai yi wata illa ba a wani sashe, in ya auku a zaure, gidan ne gaba ɗaya ya buɗe.

3.0 Illoli Huɗu

3.1 Gaskata Baƙo a kan Abin da Ya Faɗa da Bakinsa

A watan Maris na 2025 aka bayyana wani aibi a cikin Next.js, ɗaya daga cikin kayan aikin da aka fi gina shafuka da su. Masu shi sun ƙirƙiri wata alama da manhajar ke maƙala wa saƙonninta na cikin gida, don kada ta riƙa tantance saƙo ɗaya babu iyaka. Sai dai ba su hana saƙon waje ya zo ɗauke da wannan alama ba. Ke nan duk wanda ya san sunan alamar, ya rubuta ta a kan saƙonsa, sai ya wuce babu tambaya. Tamkar baƙo ne ya ce shi ɗan gida ne, mai gadi ya kauce masa. Ƙa'idar da aka karya a nan mai sauƙi ce: wajibi ne zaure ya goge duk wata alamar cikin gida daga saƙon waje kafin ya duba shi.

3.2 Kuskuren Layi Ɗaya

A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Apple ya gyara wani kuskure a wayoyinsa, inda aka maimaita layi ɗaya sau biyu a jere. Maimaicin ya sa manhajar tana tsallake matakin duba sa hannun shafin da take magana da shi, sa'an nan ta ba da rahoton cewa komai lafiya. Har wa yau, a Fabrairu na 2017, an gano cewa manhajar Cloudflare, wadda ke tsaye a gaban shafuka masu yawan gaske, tana zubar da bayanan wani mutum a cikin shafin da wani ya nema, har da tikitocin shiga. Dalili kuwa shi ne rubutun yana tambaya ko an zo daidai ƙarshen ma'aji, maimakon ya tambaya ko an zo ko an zarce. Kamfanin ya ce a kwanakin da abin ya fi tsanani, saƙo ɗaya cikin kimanin miliyan 3.3 ne ya shafa. Abin lura a nan shi ne, a duka misalan biyu manhajar tana aiki sarai a idon mai amfani da ita. Gwajin da ke duba cewa mai gaskiya ya shiga ba zai kama irin wannan ba. Sai an gwada cewa maƙaryaci ya kasa shiga.

3.3 Tikitin da Ba Ya Mutuwa, da Mabuɗin Aro

A ranar 10 ga Oktoba, 2023, kamfanin Citrix ya fitar da gyaran wani aibi a na'urarsa ta tsaron ƙofa, wanda ta hanyarsa ake kwashe tikitocin mutanen da suka riga suka shiga. Mai riƙe da tikitin sata ba ya bukatar kalmar sirri, balle lambar da ake aiko wa mutum ta waya. Daɗin daɗawa, gyaran kansa bai wadatar ba, sai an soke tsofaffin tikitocin. Kamfanin Boeing na cikin waɗanda aka shiga ta wannan kafa.

A nan gida, a watan Maris na 2024, wata cibiyar 'yan jarida masu bincike mai suna FIJ ta fallasa wani shafi, XpressVerify, da ke fitar da bayanan masu lambar ɗan ƙasa a kan naira 200. A watan Yuni na shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana wani shafin, AnyVerify, mai sayarwa a kan naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa kuwa, a bincikenta na farko game da shafin na farko, ta nuna yiwuwar cewa wani wakili mai lasisi ne ya ba shi aron shaidarsa ta shiga. Ko da mun karɓi bayanin hukumomin biyu yadda yake, sukarmu tana nan daram. Zaure mai inganci yana ƙidaya sau nawa aka yi amfani da kowane mabuɗi, daga ina, kuma a madadin wa, ya kuma rufe ƙofa idan lissafin ya fita daga hankali. Wanda aka sayar da hotonsa da adireshinsa da lambar wayarsa, babu ruwansa da ko katanga aka haura ko ta ƙofa aka bi.

3.4 Ajiye Sirri a Fili

Masu tsara manhaja sukan sa ta riƙa rubuta duk abin da ya wuce ta gabanta a wani kundi, don sauƙin gano matsala. A watan Maris na 2019 Facebook ya amsa cewa kalmomin sirrin ɗaruruwan miliyoyin mutane suna ajiye a rumbunansa na ciki ba tare da an rikiɗa su ba. A watan Satumba na 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci tarar kamfanin Meta yuro miliyan 91 a kan haka. Idan wannan ya auku a kamfani mai dubban injiniyoyi, ina ga manhajar da mutum biyu ko uku suka haɗa cikin gaggawa gabanin buɗe makaranta?

4.0 Inda Gizo ke Saƙa a Makarantunmu

Akan ce kamfanonin da muka ambata sun fi ƙarfinmu, kuma su ma sun faɗi, don haka babu abin da ƙaramar makaranta za ta iya. Ba mu yarda da wannan hujja ba. Su dai an gano nasu ne domin akwai masu karanta rubutun ko masu gwada shi daga waje, an kuma bayyana wa duniya. A wurinmu, galibi ɗan kwangila ne ke kawo shafi, kwamiti ya zauna, a nuna masa yadda ɗalibi ke shiga ya buga takardar rajista, a sa hannu a biya. Ginin aji ba a karɓarsa sai injiniya ya duba tubali da rodi, amma manhajar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai akan karɓe ta ne da ganin fenti. A watan Mayu na 2025 magatakardan JAMB na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, har aka sake musu jarrabawa. Wannan ba matsalar zaure ba ce, amma ta nuna iyakar abin da aikin da ba a bi diddiginsa ba ke jawowa.

Bugu da ƙari, ɗalibai da yawa ba su da kwamfuta, a shagunan intanet suke rajista, su miƙa wa mai shago kalmar sirri. Manhajar da ba ta soke tikiti bayan ɗalibi ya tashi, ta bar wa na bayansa ƙofa a buɗe. Mai tsarawa bai isa ya ce laifin ɗalibi ne ba, domin ya san yanayin da ya gina wa manhajar.

Mu malamai ma da namu kason. Muna koyar da rubuta manhaja, muna ba da maki idan ta tashi ta yi aiki, amma da wuya mu ba ɗalibi rubutun wani mu ce ya karanta ya fito da aibinsa.

5.0 Shawarwari

Na farko, duk yarjejeniyar kwangila ta ƙunshi miƙa rubutun umarni ga makaranta, da bitarsa daga wanda ba shi ya rubuta ba, kafin a biya kuɗin ƙarshe. Na biyu, gwajin karɓar aiki ya haɗa da yunƙurin shiga da tikitin jabu, da wanda ya mutu, da na wani ɗalibi. Na uku, kada sassan ciki, musamman na sakamako da na kuɗi, su dogara ga zaure kaɗai, su ma su sake tantancewa. Na huɗu, a naɗa wanda alhakin saka gyare-gyare ke wuyansa, da wa'adi a rubuce. Na biyar, a shigar da bitar rubutun umarni cikin darussan kwamfuta na kwalejojin ilimi.

6.0 Kammalawa

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 da zarar ya san an keta su ta hanyar da za ta cutar da masu su, ta kuma tanadi tara. Makaranta ce mai riƙe da bayanan ɗalibanta, don haka ba za ta fake da ɗan kwangila ba. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Misalan da muka kawo sun nuna cewa tsagar takan kasance layi ɗaya ne, wanda mai karatu a tsanake zai iya ganinsa. Abin da ya rage ga majalisun makarantunmu shi ne su ware kuɗi da lokacin wannan karatu.