Garmaho a Kasuwar Gwanjo: Abin da Ake Saye da Abin da Kafanchan Ke Asara

A shekarar 2013 wani Ba'amurke mai tara tsofaffin fayafayai, John Tefteller, ya biya dala 37,100 a eBay a kan faifan garmaho guda ɗaya tak, na mawaƙi Tommy Johnson, wanda kamfanin Paramount ya buga wajen 1930. A farkon 2015 kuma aka yi gwanjon faifan farko da Elvis Presley ya ɗauka a 1953, ya tashi dala 300,000. Duk wanda ke da tsohon garmaho a ƙarƙashin gadon kakansa, in ya ji irin wannan labari, dole ransa ya biya. Amma yawanci inda muke zaton kuɗin yake, ba nan yake ba.

Mu fara da akwatin kansa. Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai faifai a 1887, shekara goma bayan na'urar Edison. Na farko-farkon nan, da irin manyan da kamfanin EMG na Landan ya riƙa ƙerawa da hannu, masu ƙaton ƙaho, su ne ake kokawa a kansu a ɗakunan gwanjo. Wanda ya zo ƙasarmu da yawa kuwa shi ne ɗan akwatin nan da ake ratayawa a hannu, mai tambarin kare yana sauraren ƙaho, irin HMV 102 da aka fara ƙerawa a 1931 aka yi kusan shekara talatin ana yi. Yana da ƙarko, yana da murya, sai dai ya yi yawa a duniya, saboda haka farashinsa bai taka kara ya karya ba. Ga kuma na jabu masu ƙahon tagulla mai ƙyalli, waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin ƙarafa a manna musu tambarin karen. Masana ba sa ko kallon su.

Faifan shi ne magana. Mai saye abu uku yake dubawa: kwafi nawa suka rage a duniya, yaya lafiyar faifan, kuma daga hannun wa ya fito. A nan ne tarihin Kafanchan ya shigo.

Tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a ƙarshen shekarun 1920, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, garin ya zama matattarar masu albashi: akawuna, direbobin jirgi, makanikai, malaman makaranta, Ibo da Yarbawa da Hausawa da 'yan ƙasa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ma ta dawo nan. Garmaho kayan mai albashi ne, kuma jirgin da ya kawo ma'aikaci shi ke kawo masa faifai daga kantunan Turawa. Lokacin ya zo daidai da sa'ad da kamfanoni suka fara neman kasuwar Afirka ta Yamma. Tsakanin 1927 da 1930 Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka a Landan cikin Yarbanci, Fanti, Ga, Wolof, har da Hausa, ya turo fayafayan nan gida don sayarwa. Daga 1933 HMV ya biyo da jerin GV na kiɗan Kuba, bayan Yaƙin Duniya na Biyu Decca ta shigo.

Wata hanyar ita ce ta mishan. Ƙungiyar mishan ta SIM ta zauna a Kwoi tun 1910, ta buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro a 1931. Ƙungiyar Gospel Recordings, wadda Joy Ridderhof ta kafa a Los Angeles a 1939, ta riƙa buga wa'azi da waƙoƙi a ɗaruruwan harsuna, ciki har da na Nijeriya, tana rabawa tare da ƙananan na'urori da ake juyawa da hannu. Faifai irin wannan, in an same shi da harshen Jju ko Tyap ko Hyam, ɗan gwanjo a Landan ba zai ba shi wani kuɗin kirki ba. Amma a wurin mai nazarin harshe, ko jikan wanda ya yi maganar, ba shi da na biyu: ga yadda ake furta harshen kafin Hausa da Turanci su danne bakin yara.

Me ya sa fayafayan suka yi ƙaranci? Da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya ake yin faifan, yana faɗuwa yana tarwatsewa. Allurar ƙarfe ce ke bin sa, kuma ƙa'ida a sauya ta bayan kowane gefe, wato bayan kamar minti uku. Wa ke da allurar yin haka a Zonkwa ko Kagoro? Sai a yi ta maimaita guda har ta cinye layukan. Sauran kuma tarihi ya ci: waɗanda suka gudu a rikicin 1966 ba su tsaya ɗaukar faifai ba, rikicin 1987 da gobarar kasuwar Kafanchan a 2011 suka ƙara nasu. Ba mamaki da kamfanin Honest Jon's ya tashi sake fitar da waƙoƙin Zonophone a 2008, daga ma'ajiyar kamfanin EMI da ke Hayes a Ingila ya samo su.

Mutanen wannan yanki sun san wannan ciwo. Kan mutum-mutumin nan da aka tono kusa da Jama'a aka kai wa mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a 1943 shi ya buɗe wa duniya ido a kan al'adar Nok. Zuwa shekarun 1990 dillalai na biyan masu haƙa abin cefane, kayan suna fita, har aka ga wasu a gidan tarihi na Louvre a 2000. Su Nok ma suna da doka a bayansu, ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi. Faifai kuwa ba mai tambayar sa a kan iyaka, ɗan gwangwan zai auna garmaho a sikeli ya watsar da fayafayan a bola.

Ban ce kada kowa ya sayar ba. Kayan mutum nasa ne, kuma halin rayuwa ba wasa ba ne. Amma kafin ciniki, a ɗauki hoton tambarin da lambar da ke jikin faifan, a rubuta sunan mai shi na asali da inda ya yi aiki, domin wannan ma yana ƙara masa daraja. Kada a goge shi da sifirit, narkewa yake. Kada a bar shi a rana, kada a gwada shi da tsohuwar allura. Uwa uba, a nemi wanda zai kwafe muryar a kwamfuta tukuna.

Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suna da ɗalibai daga kowane ƙauye na yankin. A tura su gida su tambayi tsofaffi, a bincika ɗakunan ajiya na majami'u da gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe, a haɗa kai da cibiyar tarihi ta Arewa House wajen adana abin da aka samu. Masu iya gane muryoyin da ke cikin fayafayan nan sun haura shekara tamanin, a gaggauta tun suna raye.