4.3 Matsayin Kiɗa da Shiru a Wasan "Fela!"

A wannan fasali za a yi tarken wasan kwaikwayo na waƙa mai suna "Fela!", wanda Bill T. Jones ya ba da umarni kuma ya tsara raye-rayensa. An fara nuna shi a birnin Niyok na Amurka a 2008, aka kawo shi Legas a watan Afrilu na 2011. Mai nazari ya kalli wanda aka ɗauka a babban gidan wasan kwaikwayo na Landan a farkon 2011, inda Sahr Ngaujah ya fito a matsayin Fela Anikulapo Kuti.

An gina wasan ne a kan dare guda a shekarar 1978, a gidan rawar Fela da ke Legas, bayan rasuwar mahaifiyarsa Funmilayo. Tun daga fitowar farko tauraro yake fuskantar 'yan kallo kai tsaye, yana yi musu magana, yana sa su amshi, har ya tashe su tsaye ya koya musu rawa. Makaɗa kuwa suna kan dandamali a fili, ba a ɓoye su ba. Wannan salo ya burge Turawa, to amma ga wanda ya tashi a ƙasar Anka ko Gummi ba baƙon abu ba ne. Haka makaɗan wannan yanki suke yi. Idan aka saurari waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago, za a ji makaɗi yana ba da labari, yana ari bakin ɗan dambe, yana ari bakin abokin karawarsa, 'yan amshi suna ɗauke masa, jama'ar fage kuma suna cikin wasan tsundum. Bambancin kawai shi ne a "Fela!" an rubuta komai tun farko, an yi ta gwaji, an ƙayyade wa kowace waƙa gurbinta a cikin warwarar jigo. A nan ne wasanninmu na dandamali suke da rauni, domin galibi waƙa a cikinsu ta buɗe labule ce ko ta cike giɓi kafin 'yan wasa su sake tufafi. Da za a cire ta, labarin ba zai girgiza ba.

Sai dai a ganin mai nazari, inda wasan ya fi ƙarfi shi ne inda aka daina kiɗan gaba ɗaya. A kashi na biyu an nuna harin da sojoji suka kai gidan Fela, wato Kalakuta, a watan Fabrairu na 1977, harin da aka jefo mahaifiyarsa daga bene. Ba a kwaikwayi duka ko ihu ba. An tsayar da 'yan wasa ne ɗaya bayan ɗaya a cikin haske, ana haska rubutu a bango mai bayyana abin da aka yi wa kowannensu, ɗaki ya yi tsit. Da yake kunnen mai kallo ya daɗe yana cike da ganga da ƙaho, wannan shirun sai ya fi kowace waƙa nauyi. Makaɗin fage ba ya da wannan dama, don shi in kalangu ya tsaya, taro ya watse ke nan. Mai tsara wasan dandamali kuwa yana da ita, kuma ita ce ya kamata ɗalibi ya koya a nan. Duk wanda zai ɗora wani babban rashi na yankinmu a kan dandamali, misali gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum tun daga 2010, zai fuskanci wannan tambaya: ina ne za a yi waƙa, ina ne kuma za a bar Bagega ta yi shiru?

Wasan bai rasa nakasu ba. Fitowar da Fela ya shiga duniyar iskoki neman mahaifiyarsa ta ƙayatar ta fuskar sutura da haske, amma ta yi tsawo, ta kuma sassauta zafin da fitowar harin ta tara. Bugu da ƙari, matan Fela, waɗanda ya auri 27 daga cikinsu rana ɗaya a 1978, sun cika dandamali da rawa amma da ƙyar aka ba su baki. Funmilayo da Sandra, Ba'amurkiyar da ta wayar masa da kai, su kaɗai suka sami waƙoƙin kansu. Tun da tauraro shi ne mai ba da labarin kansa, babu wanda zai musa masa, sai wasan ya karkata wajen yabo irin na makaɗan fada. Rashin lafiyarsa da rasuwarsa a 1997 ma ba su shigo ba, domin an rufe wasan ne da jerin akwatunan gawa da 'yan wasa suka tara a gaban dandamali.