Dodo Ma Yana Da Asali

Kwanan baya wani ɗan ƙanena ya zo gidana a Chikaji, ya nuna mini wani wasa da yake shiryawa a kwamfuta, inda jarumi ke ratsa daji yana kashe dodanni. Ya zana wani mai ƙaho huɗu, wuta tana fita daga bakinsa. Na ce masa, “Wannan ɗan wane ne, daga ina ya fito?” Ya ce, “Baba, ai dodo ne kawai.” To, wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya taɓa riƙon rajista ya san ba a shigar da mutum sai da sunansa, da sunan ubansa, da unguwarsu. Haka kuma abin da aka ƙaga cikin labari. In ba shi da asali, mai karatu ba ya jin tsoronsa, ba ya kuma tuna shi.

Ku dubi littafin Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Dokta East ya shirya a nan Zariya a 1933. Farkonsa yana da armashi ƙwarai, domin Gandoki yana yaƙi da Turawa ne a ƙasar da muka sani, tare da sarakunan da muka san iyayensu da garuruwansu. Amma da ya faɗa ƙasashen aljannu, a ganina sai labarin ya yi sauƙi. Ana ta sara, ana ta kisa, amma waɗanda ake kashewa ba su zauna mana a zuciya ba, don ba mu san mafarinsu ba. Ba rena malamin na yi ba, shi ya share mana hanya, sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sa'an nan ku dubi macijin Daura. Yana da suna, watau Sarki. Yana da mazauni, rijiyar Kusugu. Yana da doka, ba a ɗiban ruwa sai ran Jumma'a. Ƙishin da ya jawo shi ya sa tsohuwa Ayana ta rasa ruwan ba baƙo, shi ya kai Bayajida bakin rijiya da dare, har ya sare kansa, ya auri Daurama. Kun ga duk labarin daga halin macijin ya tsiro, shi ya sa har yau mutane suke zuwa ganin rijiyar.

Turawa ma sun gane wannan. A 1937 wani malami a Ingila, Tolkien, ya fitar da littafi mai suna The Hobbit. Dodonsa ya ƙwace wani dutse daga masu shi, ya kwanta bisa zinariyarsu, kuma akwai wuri guda a ƙirjinsa da ba sulke, nan kibiya ta same shi.

Saboda haka, ya ku samari masu ƙaga dodanni, ku amsa tambaya huɗu tukuna. Ina ya fito? Me yake so? Wace doka ya ɗora wa mutane? Mene ne makasarsa? Kada kuma ku tafi aro nesa. Ga dutsen Kufena, ga kogin Kubanni, ga tsofaffin kukoki, ga kakanninku da tatsuniya a baki. Sai dai ku kiyaye abu guda: ku bayyana cewa ƙage ne, kada ku jingina shi ga tarihin gaskiya ko ga addini, don kada yaro ya tashi bai san inda ƙarya ta ƙare ba.

Yaron nan dai na tura shi wurin kakarsa a Sabon Gari, na ce kada ya komo sai da sunan uban dodonsa. Allah Ya sa mu dace, amin.