Dariyar Ƙeta a Cikin Ruwan Bagaja

In masifa ta auka wa wanda ake ganin shi ya jawo wa kansa, Bahaushe yakan ce "Allah ya ƙara". Sigarta ta addu'a ce, amma aikinta hukunci ne, gama mai faɗinta ya riga ya yanke cewa abin ya dace da mai shi. A kan wannan hukunci tatsuniya ta dogara. Yara suna dariyar Kura in ta sha duka, zuciyarsu kuwa ba ta zarginsu, domin kwaɗayinta ne ya kai ta.

To, amma wannan ma'auni bai isa ya bayyana Ruwan Bagaja ba, littafin da Abubakar Imam ya rubuta domin gasar 1933. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman duk kanwar ja ce: kowannensu mayaudari ne, kowa yana rama abin da aka yi masa. Duk da haka wahalar Zurƙe ta fi yi wa mai karatu daɗi. Me ya sa? A ganina dalilin yana cikin nahawu. Alhaji ne ke ba da labarin da bakinsa, yana "na ce", "na yi", har mai karatu ya wayi gari yana cikin wannan "na" ɗin. Zurƙe kuwa kullum "shi" ne. Watau tun ba mu auna laifin kowa ba mun riga mun zaɓi ɓangare, daga baya muka nemo wa dariyarmu hujja.

Malamin da ke koyar da littafin ya gwada sa ɗalibai su sake ba da babi guda ta bakin Zurƙe, ya ga inda dariyar za ta koma.