Idon da Ke Gane Wanda Zai Rikice

A ɗakin masu cutar korona, majinyacin da ke ta tari yana kiran nas bai cika tayar wa gogaggen likita hankali ba kamar dattijon nan da ke zaune bakin gado yana hira a waya, yana cewa shi fa ya warware, a sallame shi. An maƙala masa 'yar na'urar auna iskar oksijin a yatsa, ta nuna 86, alhali mai lafiya kan kai 95 ko fiye. Huhunsa na gazawa, shi kuwa ko a jikinsa. Gane irin wannan mutum tun bai faɗi ba gwaninta ce da ta ceci rayuka masu yawa a 2020, kuma a ganina ba a yaba mata yadda ta cancanta ba.

Gwanin da tambaya yake farawa: "Baba, yau kwana nawa da fara zazzaɓin?" Yana da dalili. Cutar kan yi lamɓo a makon farko, sai wajen kwana na bakwai zuwa na goma ta juyo da ƙarfinta. Sannan ya bi sauran: shekaru, hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko na ƙoda, ƙiba. A cikinsu duka tsufa ne kan gaba, kuma maza sun fi mata shiga haɗari. Yana tambaya idonsa na kan ƙirjin mutumin, yana ƙirga numfashinsa a ɓoye, don da zarar majinyaci ya san ana ƙirgawa sai ya sauya yadda yake ja. In ya kai talatin a minti ɗaya, maganar sallama ta ƙare.

Wannan sani da wahala aka tara shi. A watan Maris na 2020 likitocin Wuhan suka wallafa bayanin majinyata 191 a mujallar Lancet, 54 daga cikinsu sun rasu, suka nuna cewa tsufa da hauhawar D-dimer, alamar daskarewar jini, na tafiya tare da mutuwa. Daga baya masu bincike a Birtaniya suka haɗa ma'aunin 4C, mai duba abu takwas, ciki har da yawan numfashi, da ko hankalin mutum ya fara gushewa, da gwajin jini biyu, ya ba da maki daga 0 zuwa 21.

Amfanin rarrabe majinyata ya fito fili a watan Yunin shekarar, da gwajin RECOVERY ya gano cewa dexamethasone, magani mai araha da aka daɗe da sani, na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba, bai amfana da maganin ba. Ashe sanin wanda za a ba shi ne rabin aikin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen 2020 bincike a jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna na'urar yatsan nan ta fi yawan yin kuskure a kan baƙar fata, takan nuna lamba sama da gaskiya. Shi ya sa nas ɗin da ta san aikinta ba ta tsayawa kan lambar kaɗai. Za ta duba cikin leɓe da harshe, ta lura ko mutum na yanke magana a tsakiya don ya ja iska, ta sa shi ya ɗan taka ta sake aunawa. In lambar ta sauka, sai ta sa masa oksijin, ta kwantar da shi rub-da-ciki don bayan huhu ya buɗe, ta matso da gadonsa inda za ta riƙa hangensa daga teburinta, sannan ta aika a kira likita.