Takardar Da Aka Manna A Ƙofar Ɗakin Karatu

Bara, da aka ba mu bakansi na dawo Gaya daga Yamai, wani mushe da ya koyar da ni a kwaleji ya roƙe ni in riƙa taya shi zama da yara a wani ɗan ɗakin karatu na unguwarmu. Na amsa, don in ban da gona da shan shayi ba ni da wani abin yi. Ran da na fara zuwa na tarar da takarda manne a ƙofa, an jera littattafai goma da ake so kowane yaro ya karanta kafin a koma lakwal a watan Oktoba. Akwai L'Enfant noir na Camara Laye, da Sous l'orage na Seydou Badian, da Une si longue lettre na Mariama Bâ, da L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, da ire-irensu. Duka goman da Faransanci suke. Kan wannan takarda nake so mu yi magana, ƴan'uwa, don na san bana ma za a sake manna irinta.

Ban raina ko ɗaya daga cikin littattafan nan ba. Une si longue lettre ma sau uku na karanta shi, ba wanda ya sa ni. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko kayan aji a ce su ne na hutu. Yaron da ya yi wata tara yana fama da dikte, ana rage masa maki kan kowane harafi, in ka miƙa masa L'Aventure ambiguë a watan Yuli ba labarin Samba Diallo yake gani ba, jarrabawa yake gani. Littafin kansa falsafa ce, mu da muka kai bak ma da ƙyar muka haɗiye shi, balle ɗan shekara goma sha huɗu. Makon farko yara sun cika benci. Kafin wata ya ƙare sai mu uku: ni, da mushe, da wani yaro da ke zuwa cajin waya.

Mushe ya ce yaran yanzu ba su son karatu. Wallahi ban yarda ba. Ƙanwata da ƙawayenta har dare suke kan waya ɗaya, suna karanta littattafan soyayya na Kano da ake turowa ta WhatsApp. Yayyenmu kuwa ta Kamba ake kawo musu na takarda, su yi ta yawo gida-gida har bango ya fita. Karatu dai ana yin sa, ba a ɗakinmu ba ne kawai.

Sai na roƙi a ba ni yammacin Laraba in gwada wani abu. Na ɗauko tsohon Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933, na fara karanta wa ƴan tsirarun da na samu da babbar murya. Da muka iso inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka shiga ƙulla wa juna tsiya, dariya ta jawo har masu wucewa. Amma da na miƙa wa wani ɗan aji huɗu na kwaleji ya ci gaba, sai ya tsaya cak. Yaron da Hausa ya tashi, ya iya karanta Faransanci sarai, amma "ci" sai ya ce "si", ya ga ƙ da ɗ ya tambaye ni ko injin ne ya ɓata rubutun. Ya ji kunya, ni ma na ji. Cikin zama biyu ya ƙware, don abin ba wuya gare shi, ba a dai taɓa nuna masa ba. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. To, harshen da ɗan kwaleji bai iya karanta shi ba, ayyanawa kaɗai ba za ta ishe shi ba.

Kada a ce don na Hausa ne na rufe ido. Ruwan Bagaja yana da aibinsa. Labari ne na wayo kan wayo, mai dabara ya ci, wawa ya sha kashi, kuma sau da yawa baƙauye ne abin dariyar. Mata kusan ba su da baki a ciki. Ruwan da aka fita nema domin a warkar da ɗan sarki, sai mai karatu ya kusa mancewa da shi saboda shiririta a hanya. Duk da haka shi zan sa a farkon jerina, don aikin littafin farko shi ne ya sa yaro ya dawo gobe, kuma wannan ya iya.

Na biyu da Faransanci yake, kuma na yi mamakin rashin sa a takardar: Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Lugu tana ƙasar Dogon Dutsi, cikin jiharmu ta Doso. Yaron Gaya ya san ƙauyen kakar Camara Laye a Gine, amma bai san an yi wannan yaƙi a jiharsu ba. Littafin gajere ne, yana da sauri, kuma Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, sai a karanta a kuma kalla. Inda nake da ja da Mamani shi ne Sarauniyarsa ba ta da lahani ko kaɗan, ba ta shakka, ba ta kuskure, sarakunan da ke maƙwabtaka da ita kuwa yawanci ya zana su da baƙin tawada. Ƙagaggen labari ne da aka gina kan tarihi, kada a haddace shi kamar darasi. Wannan ma aikin bakansi ne mai kyau: duk mai dangi a Arewa ya je ya tambayi tsofaffi yadda su suka ji labarin, mu gwama da na littafi.

Na uku shi ya jawo mini rigima. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Abu yarinya ce da aka cire daga makaranta, saurayin da ake sa ran zai aure ta ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da dattijo, Sarkin Noma. Ta gudu, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta. Marubuciyar, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, ita ma an yi mata aure tana ƙarama, ta san abin da take faɗa. Wani dattijo da ya ji muna karanta shi ya ce mini: "Ɗana, wannan ai koya wa ƴaƴanmu bijire wa iyaye ne." Na ce: "Baba, ku yi haƙuri ku zauna ku ji ƙarshensa." Bai zauna ba.

Ni ma ina da abin cewa kan littafin. Wa'azi ya yi masa yawa, kuma ƙarshensa ya cika daɗi, kamar duk wadda ta gudu za ta tarar da mai riƙe ta a birni. Ba haka duniya take ba. Amma alƙaluman UNICEF sun ce kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma kowa a nan ya san wadda aka yi bakansi da ita, Oktoba ta zo bencinta ba kowa. Ran da muka gama littafin, wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki ba ta tambaye ni ko za ta iya ara ta kai gida, wai tana so ta karanta wa innarta. Na ba ta. Ban san abin da suka tattauna ba, ban kuma tambaya ba. Littattafai goman nan dai ba wanda ya taɓa roƙo ya kai wa uwarsa.

Saura maganar lokaci. Ɗakin da safe ake buɗe shi, a rufe da azahar, kamar ofis. A tsakiyar damina! Da safe yaro yana gona, yarinya tana kai abinci ko talla. Tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023, samari da yawa bakin kogi suke wuni suna dakon kayan masu ƙetarawa da jirgin ruwa. In ana son su, a buɗe bayan la'asar. Kuma Gaya ba Hausawa kaɗai ba ne. Masu Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci su zo da tatsuniyoyin kakanninsu, a ɗauka da waya, a rubuta a kaye, mu buga su a wannan ɗan littafi namu.

Ban ce a yage takardar ba. A bar Mariama Bâ, a bar Camara Laye, masu shirin burbe da bak suna bukatar su. A dai rage biyar, a sa namu a gurbinsu. Wannan jerina ne, na san wani zai ce ina Magana Jari Ce, ina Shaihu Umar, ina Boubou Hama. Madalla, ya rubuto nasa a fitowa ta gaba, ya faɗi dalili, ya kuma faɗi aibin littafin da yake yabo. Ni dai in Allah ya kai mu Yuli, ina nan ran Laraba bayan la'asar. Mai tsohon littafin Hausa a gida, ko da bangonsa ya fita, ya taho mana da shi.